Baturiya da Itacen Rumbu

Duk wanda ya ce muku Baturiya fara ce, bai taɓa sa ta a ido ba. Baƙa ce wuluk, gajeriya, mai faɗin kafaɗa. An ce ran da aka haife ta a Badafi jawur ta fito, kakarta ta laƙaba mata sunan, kafin a yaye ta launin ya gudu ya bar ta da suna. Ni facalarta ce. Mijinta Maikano shi ne babba a gidan, mijina Audu ƙanensa ne. Gandu ɗaya suke nomawa a wani ƙauye da ke gefen Ƙafin Maiyaki, mu kuma tukunya ɗaya muke ɗorawa. Lokacin da nake ba ku labari Turawa ba su tafi ba tukuna, gyaɗa ce ke tashe, kowa na rububin shuka ta yana rage gonar dawa. Na zauna da matar nan har Allah ya karɓi abarsa, kuma ina gaya muku, ban ga mai riƙon gida irinta ba, ban kuma ga mai taurin kai irinta ba.

A gidanmu, da ma sauran gidajen gandu na wajenmu, mace ba ta leƙa rumbu. Maigida ne kaɗai ke kafa tsani da sassafe, ya ɗaga jinka, ya shiga ya jefo dami, mu ɗauka mu yi sussuka. Ba ya faɗin abin da ya rage, ba a kuma tambayarsa. Wai in mace ta ga hatsi da yawa za ta yi facaka, in ta ga kaɗan za ta tayar wa gida hankali. Maza dai suka zauna suka tsara abinsu. To amma wa ke awo? Mace ce. An danƙa miki mudu, an kuma rufe miki ido. Shi ya sa duk uwargida take kwana ta tashi da tambaya ɗaya a ranta: hatsin nan zai kai mu tumu? Tumu shi ne sabon geron da ake karyowa a gasa a ƙarshen damina, ran da aka ci shi an tsallake yunwar shekara.

Baturiya ba ta iya zama cikin duhu ba, kuma kaza ce ta fitar da ita. Rumbun gidan babba ne, zana ninki biyu aka yaɓe da laka, yana zaune kan manyan itatuwa da aka gicciya bisa duwatsu don gara da ruwa. Wata kazarta ta maida ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Sai ta lura da damina hannunta na wucewa salin-alin ta ƙarƙashin itacen tsakiya, amma da kaka, an cika rumbu, sai itacen ya karce mata dantse. Da wata ce, da ta ce ƙiba ta yi. Ita kuwa sai ta nemo faffaɗan dutse ta binne shi daidai tsakiyar itacen, ta riƙa zura yatsu tsakani tana ji.

Ran da ta fara nuna mini, dariya na yi mata har da riƙe ciki. Na ce itacen da ya fi cinyata kauri ne zai lanƙwashe? Sai ta ja ni ɗakinta ta ce in zauna kan gadonta na gwangwala. Na zauna, gado ya nutse. Ta kira 'yarta Delu ta zauna kusa da ni, ya ƙara nutsewa. Ta ce Delu ta tashi, ya ɗan taso. Ta ce ni ma in tashi, ya koma yadda yake. Ta ce to haka rumbu yake, haka azarar zaure take in maza sun hau gyaran rufi, haka ma tsanin da ake takawa. Duk abin da aka ɗora wa kaya sai ya sunkuya daidai nauyin kayan, in an rage ya ɗan ɗago, in an sauke ya miƙe. Ido ne kawai ba ya kamawa, amma yatsa na kamawa.

Na durƙusa na gwada, wallahi kuwa gaskiyarta. Da kaka yatsu biyu da ƙyar suke shiga. Kafin bazara yatsa na uku ya samu wuri. In tafin hannu ya shige gaba ɗaya, to rumbu ya kusa zama kango. Da wannan ta riƙe gidan shekara da shekaru. Ta san lokacin da za ta cika mudu ya yi tozo, ta san lokacin da za ta share masa kai. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba mu kuma taɓa barin dawa ta tsufa ƙwari su ci ba. Matan unguwa har suna cewa iskoki ke gaya mata. Ta kan ce musu iskarta na nan kwance ƙarƙashin rumbu, duk mai so ta zo ta gaishe ta. Wasu suka koya, amma ta gargaɗe su cewa kowane rumbu da halinsa, sai ka san shi a cike ka san shi babu komai. Maikano ya san abin da take yi, ya yi kamar bai sani ba, don mutum ne da magana ke yi wa nauyi.

Sai shekarar ruwa ta zo. An yi ruwa kamar ba za a daina ba, gonakin kwari duk suka kwanta, dawa ta ruɓe a tsaye. Mu Allah ya taimake mu, gandunmu a kan jigawa yake, sai muka samu abin da ba mu taɓa samu ba. Ana cikin yanka, Maikano ya duba rumbu ya tarar gara ta cinye itacen tsakiya. Dawa na zube a gona, babu lokacin neman busasshe. Mijina Audu ya saɓa gatari ya shiga daji, ya saro marke mai kauri, ya ɓare ɓawon, aka sa shi a ranar. Baturiya ba ta yi sakaci ba. Ta gwada sabon itacen babu kaya, ta sake gwadawa da aka cika, ta ga awonsa bai yi nisa da na tsohon ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce shi ma za su shirya.

Tun kafin ruwan shuka ya sauka mutane suka fara galabaita. Maza na zuwa zaure wurin Maikano, mata na shigowa wurin Baturiya da ƙwarya ɓoye cikin mayafi. Wata za ta zauna ta yi ta gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Baturiya sai ta tashi ta zagaya bayan rumbu, ta durƙusa, ta dawo tana share gwiwa, ta cika ƙwaryar. Yatsa na uku ko rabi bai shiga ba, me za ta ji tsoro? In hatsin hannu ya ƙare, sai ta ce wa Maikano a ƙaro dami. Shi kuwa ya dube ta kawai, washegari ya kafa tsani.

Ƙanenta Rufa'i ya zo daga Badafi da jakinsa, gonarsa ruwa ya tafi da ita. Ta cika masa taiki, ta raka shi har soro, ta ce kada ya ji nauyi, duk ran da ya ƙare ya dawo, rumbu na nan cike. A kunnena ta faɗa.

Ni fa raina bai kwanta ba. Ni ke yawan sussuka, tafin hannuna duk ya yi kanta. Na ce mata, Yaya, dammunan da ke fitowa sun yi yawa, a ɗan ja hannu. Kai, ranar na ji ta bakinta. Ta ce tun ina goye take auna rumbu, alhali shekara nawa ta ba ni? Ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin itacen da kanta, na ji, lallai a matse yake. Ta ce itacen nan bai taɓa yi mata ƙarya ba, ba kuma a bakina zai fara ba. Haushi ya cika ni, har kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Marka ta kama, gero ko kai bai fitar ba. Wata safiya ta je gwajinta kamar kullum, tana durƙushe ta bayan rumbu, hannunta a ciki. Maikano ya kafa tsani ta ɗaya gefen, bai san tana nan ba. Ya ɗaga jinka ya dira. Daga baya ta ba ni labari, ta ce itacen ya ɗan matse mata yatsu, wannan ba komai, ta saba. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne ta ji dugadugansa sun sauka a kan daɓen rumbun, daidai saman hannunta. Mutumin da ya shiga rumbu mai hatsi a kan dami yake tsayawa, ba a jin takunsa a ƙasa. Ga shi kuma ya yi tari, ta ji tarin yana amsawa kamar daga cikin rijiya.

Ina bakin murhu ina hura wuta na ga ta zagayo. Maikano na saukowa da dami ɗaya a kafaɗa. Ta jira ya taka ƙasa.

"Maigida, riƙe mini tsanin nan," in ji ta.

Ya dube ta, ya dube ni. "Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Riƙe mini."

Ni dai na ce yau za a yi ta a gidan nan. Sai ga Maikano, ƙaton mutum mai gemu, ya ajiye dami, ya sa hannu biyu ya riƙe wa matarsa tsani. Ta ɗaure zane ta hau. Ta daɗe kanta na ciki. Da ta sauko ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ta dai zauna kan turmi. Abin da ya rage an jera shi ne a gefe guda, ko gwiwa bai kai ba. In aka ci yadda aka saba, ba zai kai mu rabin hanya ba.

Ta tambaye shi me ya hana shi magana. Ya ce shi ma yana ta bayarwa a zaure, ya kuma ga tana ta bayarwa ba fargaba. Ita da ba ta taɓa kuskuren awo ba, sai ya ɗauka tana da wani ɓoyayyen hatsi na gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta, da ta dogara da shi. Kuma ta yaya zai buɗe baki ya ce wa iyali rumbu ya ƙare? Ita kuma ta ce ta ɗauka in da matsala zai ƙi hawa. Kun ji fa. Shi yana gani ya dogara da ita, ita ba ta gani ta dogara da shi, mu kuma muna tsakiya muna lodar tuwo.

Ta koma ta kwanta rub da ciki ta ƙare wa itacen kallo. Ya bushe ƙayau, har ya tsattsage. Nan ta gane. Ɗanye aka sa shi, aka danne shi da kaya tun daga kaka, ya bushe a sunkuye. Masu kwando ma haka suke yi, su lanƙwasa ɗanyar tsumagiya su ɗaure, in ta bushe ba ta ƙara miƙewa. Tsohon itacen busasshe ne tun farko, shi ya sa yake komawa yadda yake. Wannan kuwa ana ta sauke masa kaya, ɗan abin da yake ɗagowa bai taka kara ya karya ba. Audu ya zo ya tsuguna yana ba da haƙuri, wai shi ya saro. Ta ce ya tashi, ita ma tana da ido ta ga ruwa na tsatsa a jikin itacen ran da aka sa shi, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ce yanzu ba lokacin neman mai laifi ba ne, baki goma sha wani abu da ke gidan nan sai sun kai tumu.

Daga ranar gidan ya koma hannunta. Ta sa aka fito da dammunan aka sussuke gaba ɗaya, ta zuba tsabar a tulunan ɗakinta inda idonta zai gan ta. Tuwo ya koma sau ɗaya a wuni. Da safe kunu ne tsululu, wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Dusar da muke zuba wa awaki ta dawo tukunya. Muka bazama bayan gari muna tsinkar tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan gari don a ce an ci hatsi. Masu noma ta fi cika wa kwano, don in suka faɗi an gama. Yara na biye. Ni da ita muke ƙarshe, ita kuma a bayana.

Matan da suka saba zuwa kuwa, ba ta ɓuya musu ba. Duk wadda ta shigo sai ta gaya mata gaskiya ƙiri-ƙiri, awonta ya yaudare ta, babu. Wasu suka tausaya, wasu suka fita suna taɓe baki, wai dama iskokin sun gaji da ita. Ban taɓa jin ta tanka ba. Ni ce dai na bi wata har ƙofar gida na wanke ta tas, don tuwon gidanmu ne a kumatunta.

Wanda ya fi ciwo shi ne dawowar Rufa'i. Ya iso da hantsi, jaki a gaba, taiki a naɗe, fuskarsa a sake don ya san wurin 'yar'uwarsa ya zo. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Suka gaisa. Sannan ta dube shi.

"Rufa'i, na ce maka ka dawo, ka kuma dawo. To hatsi babu. Ko mudu ɗaya ba zan iya ba ka ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya, yaran tun jiya ba su sa komai a ciki ba."

"Je ka kawo mini su. Kai da matarka ku nemi na bakinku, yaran nawa ne har kaka."

Na so in yi magana, don baki biyu ne za su ƙaru kan abin da bai isa ba. Ta yi mini wani kallo, na haɗiye. Washegari ya kawo su, mace da namiji, duk wuya ya fito. Ba ta taɓa kwanon kowa ba. Nata ta raba uku, ta ba su biyu. Na ce mata za ta kashe kanta, ta ce ita da ta yi ɓarnar ai ita ya kamata ta ji a jikinta. Na ƙara mata daga nawa, ta mayar mini, wai ina shayarwa. Raina ya ɓaci, na shiga ɗaki na yi kukana.

Haka muka yi ta ja. Baturiya mai faɗin kafaɗa ta zube, zane sai ta naɗa shi sau biyu. Amma murya ba ta ragu ba. Tana zaune bakin murhu tana ba da umarni, tana tsokanar yara, tana ce wa Maikano ya daina zagaya gero safe da yamma, kallo ba ya nunar da shi. Rumbu kuwa yana tsaye babu ko zangarniya, itacen tsakiya na nan a sunkuye kamar an cika shi jiya. Ta sa Audu ya saro wani marken ya jingine shi a inuwa, ta ce ba mai sa shi sai ya shekara yana bushewa. Ta kuma gaya wa Maikano cewa daga bana, hannu za ta sa, ido ma za ta sa. Bai musa ba.

Tulun ƙarshe ya ƙare gero na nan da ruwa a ido. Kwanakin da suka biyo baya ganye ne zalla da gishiri. Ƙaramin ɗan Rufa'i ya daina wasa, sai kwanciya. Baturiya ta ɗora shi a cinya tana ɗura masa ruwan dusa, ita kanta in ta miƙe sai ta dafa bango. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, na fara tunanin wa za mu fara rasawa.

Ran nan da la'asar sai ga Maikano da Audu sun shigo, kowa da rungumen gero. Gida ya kaure. Aka hura wuta, aka jera kawunan, ƙamshi ya tashi har maƙwabta. Baturiya ta ce kowa ya zauna. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana dafa kanmu, nata da nawa da na ƙanenta, har jaririyar da ke bayana. Babu wanda ya ɓace. Yaron da ke kwance ma ya tashi zaune yana miƙa hannu.

Maikano ya zaro kan farko daga wuta, ya kakkaɓe toka. Yara suka yi caa a kansa, ya ɗaga shi sama, ya ratsa su ya miƙa wa matarsa. Na san halinta, na ce yanzu za ta murje ta raba musu. Sai ta karɓa ta juya mana baya.

"Wannan kam nawa ne," in ji ta. "Kada wanda ya kalle ni."

Ta murje shi a tafin hannu, ta hure, ta watsa a baki. Tana tauna hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba har ta cinye.